Dajin Doka Da Ya Zama Birnin Kaduna

A zamanin da jirgin ƙasa ya ke tasowa daga Ikko ya kwana a hanya kafin ya kai Kano, duk matafiyin da ya sami wuri kusa da taga ya kan ga abin da zai tsaya masa a rai. Zai baro bakin teku cikin kurmi mai duhu, inda itatuwa suka haɗa kai har rana ba ta iya taɓa ƙasa. Tun kafin ya ƙetare Kwara a Jebba kurmin ya buɗe, ciyawa mai tsawo ta shiga tsakanin itatuwa. Sa'ad da ya iso Kaduna sai ya ga doka ta cika daji, ba ta da tsawo ƙwarai, ba ta kuwa da kauri. In ya wuce Zariya doka ta soma ƙaranci, sai gonaki da kuka da gawo da tsamiya. Da a ce zai sauka a Kano ya ci gaba da tafiya arewa har Maraɗi, da ya tarad da rairayi da ƙarangiya da aduwa, da waɗansu itatuwa masu ƙaya waɗanda ganyensu bai fi ƙwayar shinkafa ba.

Ba wani sarki da ya ba da umurni a shuka ƙasa haka, ba kuwa wani manomi da ya tsara ta. Abubuwan da suka raba wa kowane ice da kowace dabba mazauni abubuwa ne marasa rai, watau ruwan sama, da zafin rana, da iska, da irin ƙasa da dutsen da ke ƙarƙashinta, da kogi, da wuta. Tarihin Kaduna ya isa misali, gama birnin yaro ne, shekarunsa ɗari da 'yan kai, labarin dajin da aka sare aka gina shi bai riga ya ɓace ba. Wanda ya bi labarin zai ga waɗannan abubuwa su suka hana mutane yawaita a wurin shekaru aru-aru, su suka jawo Turawa suka kafa gari, su ne kuma har yanzu ke cin tarar wanda ya manta da su.

Iska biyu

Iska biyu ke karɓe-karɓen mulkin wannan ƙasa. Ɗaya tana tasowa daga Tekun Atlantika, kudu maso yamma, ɗauke da laima. Ɗayar kuwa daga Hamada ta ke fitowa, arewa maso gabas, busasshiya, ita ce iskar hunturu. Inda suka haɗu nan hadari ke ƙulluwa. Wannan magama tasu ba ta zama wuri guda. Tana hawa arewa da bazara, ta wuce Kaduna wajen watan Afrilu, ta yi nisa har cikin ƙasar Nijar a Agusta, sa'an nan ta juyo ta sake wucewa kudu wajen ƙarshen Oktoba. Saboda haka garin da ya fi kusa da teku shi ke fara samun ruwa, shi ne kuma na ƙarshen rabuwa da shi.

Ikko tana samun ruwa kimanin inci 70 a shekara. Kaduna tana samun kimanin inci 48, watau wajen milimita 1,200. Kano ba ta cika wuce inci 34 ba, Maraɗi kuwa wajen inci 20 ne. Amma ice bai damu da jimlar ruwa kaɗai ba, abin da ya fi damunsa shi ne tsawon watannin da zai yi bai sha ba. A Kaduna, daga Nuwamba zuwa Maris, wata biyar cur, da ƙyar a ke ganin ɗigo. Itatuwan kurmin kudu masu faffaɗan ganye ba su iya wannan azumi. Itatuwan ƙaya na arewa kuwa suna iyawa, sai dai a nan waɗanda suka fi su saurin girma su kan rufe su da inuwa da damina. Sai wurin ya zama na masu tsaka-tsakin hali.

Ban da wannan, Kaduna tana bisa tudu, tsayinta daga bakin teku kimanin ƙafa 2,000 ne. Tudun nan ya rage mata zafi. A Maris da Afrilu ma'aunin zafi ya kan kai digiri 35 ko ya ɗara da rana, amma da hunturu dare ya kan yi sanyi har ya sauka wajen digiri 15.

Ƙasa da dutse

Duk wanda ya taɓa gina rijiya a Kawo ko a Unguwar Shanu ya san abin da ke ƙarƙashi. Da farko jar ƙasa, sa'an nan tsakuwa da marmara, daga nan ruɓaɓɓen dutse, a ƙarshe kuwa baƙin fa wanda diga ba ta kama shi. Wannan fa yana cikin tsofaffin duwatsun duniya. Shi ne ya ɓullo sama ya zama Dutsen Kufena a Zariya da duwatsun Kajuru, shi ne kuma ke bayyana a tsakiyar kogi in ruwa ya janye. Ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa da ruɓaɓɓen samansa, shi ya sa rijiyoyin tudu su kan ja baya da bazara.

Jan da ke cikin ƙasar tsatsar ƙarfe ce. Ruwan damina mai yawa ya daɗe yana wanke gishirin da shuka ke ci yana tafiya da shi, ya bar ƙarfen. In aka sare itatuwa, ruwa ya kwashe ƙasar sama, rana ta daki marmara, sai ta ƙanƙare ta zama kamar daɓe, saiwa ba ta huda ta. Abin da ke ɗan rama wa ƙasar hasararta shi ne ƙurar hunturu. Masana sun bi sawunta sun tarar yawancinta daga wani kwari ta ke tasowa a ƙasar Cadi, mai suna Bodele, wanda a dā can gindin wani ƙaton tabki ne. Hazon da ke sa mutane tari yana zuba wa gonaki ɗan taki kowace shekara, har wani sashe nasa ya kan ƙetare teku ya sauka a kurmin Amurka ta Kudu.

A kwari kuwa labari dabam ne. Abin da ruwa ya kwaso daga tudu nan ya ke zube shi, ya zama baƙar ƙasa mai danƙo, watau fadama. Tsakanin tudu da fadama tafiyar minti goma ce, amma abin da ke tsirowa a nan ba ya tsirowa a can.

Doka da wuta

A cikin 1949 wani Baturen gandun daji mai suna Keay ya wallafa littafi inda ya kasa Nijeriya yanki-yanki bisa ga itatuwanta. Yankin da Kaduna ta faɗa ya ce babbar alamarsa ita ce doka. Mutanen wurin ba su jira littafi ba kafin su sani. Har yanzu a arewacin kogi akwai Doka, akwai Kawo, akwai Unguwar Rimi, akwai Kurmin Mashi, sunayen da duk mai jin Hausa ya ji su sai ya tuna da ice.

Abin da ya ba doka sarautar dajin shi ne wuta. Ruwan damina ya isa ya tsirad da gamba da kyasuwa har su fi mutum tsawo, rani kuma ya isa ya busad da su ƙayau. Ko tsawa ce ta faɗi, ko maharbi ne ya cinna, dajin sai ya ci wuta kusan kowace shekara. Icen da ba ya jimre wa wuta ba shi da zama a nan. Kaɗanya ta yi wa kanta sulke da ɓawo mai kauri mai tsage-tsage. Doka kuwa dukiyarta a ƙarƙashin ƙasa ta ɓoye ta. In wuta ta cinye samanta, ko gatari ya sare ta, sai saiwoyinta su tofo 'ya'ya da yawa kewaye da kututturen, shi ya sa a ke ganinta jere wuri guda kamar an dasa. Wani abin lura kuma, tun ruwa bai sauka ba, tsakiyar zafin bazara, ta kan fitad da sabon ganye ja wur mai ƙyalli, da ruwan da saiwarta ta tanada.

Gawo ya bi wata dabara. Shi da damina ya ke zubad da ganye, da rani ya tofo, gama saiwarsa tana nitsawa har inda ruwa ya ke. Ƙasa mai sako-sako ya ke so, don haka ya fi yawa a gonakin Kano da Katsina. Kuka kuwa a cikinta ta ke ajiye ruwa. Kowanne da yadda ya ɓullo wa ƙishirwa. Irin wannan daji ba a nan kaɗai ya ke ba. A kudancin Afirka, a ƙasashen Zambiya da Tanzaniya, inda damina da rani suka yi kama da na Kaduna, akwai daji mai faɗi wanda dangin doka suka cika shi, har ƙudan da ke cikinsa irin na nan ne.

Dabbobin dajin su ma bin ruwa da ciyawa su ke yi. Gwanki da kanki da gadu su kan bazu da damina, da rani su taru kusa da rafi, ko su bi toyi suna cin sabon tofo. Gara tana jiran ruwan fari kafin ta saki 'ya'yanta masu fiffike, don sai ƙasa ta yi laushi za su iya haƙa sabon gida. Shamuwa tana zuwa daga kudancin Afirka daidai faɗuwar damina, sa'ad da fara da tsutsa suka yawaita, ta yi sheƙa ta ƙyanƙyashe, da kaka ta koma inda wata daminar ke somawa.

Kogin kaduna

Kogin ya taso daga tudun Jos, ya nufo arewa maso yamma, ya karɓi ruwan Galma da ke gangarowa daga ƙasar Zariya, sa'an nan ya karkata kudu maso yamma ya bi ta Shiroro da Zungeru, ya faɗa Kwara daura da Pategi. Tsawonsa kimanin mil 340 ne. A Agusta da Satumba ya kan cika ya batse, ruwansa ja. A Maris kuwa sai duwatsu da rairayi da gurabe masu zurfi nan da can.

Sanannen bayani a kan sunan shi ne daga kada ya fito, watau kogin kadduna. Wannan hali na kogin kuwa shi ya dace da kada. Jikinsa ba ya yin ɗumi da kansa, sai ya hau fa ya sha hantsi, in rana ta yi zafi ya koma gurbi. Macen tana jiran ruwa ya janye ta haƙa rami cikin rairayin gaɓa ta zuba ƙwai, zafin rairayin ya kwanta musu wajen wata uku, su ƙyanƙyashe gab da damina. Masana sun gano har zaman ɗan kada namiji ko mace, zafin ramin ne ke yanke shi. A fadamun gefe kuma akwai gaiwa, wadda in ruwa ya ƙafe ta kan nitse cikin laka ta naɗe kanta da yauƙi, ta yi watanni tana numfashi ta 'yar ƙofa, tana rayuwa da naman jikinta. Da Hausawa suka ce gaiwa jikinta ta ke ci, gaskiya suka faɗa.

Gefen kogin da ƙananan rafukan da ke zuba cikinsa, inda saiwa ke samun laima rani da damina, nan itatuwa su kan yi tsawo su haɗa kai, maɗaci da ɓaure da tukurwa da igiyoyin daji. Shi ne kurmi. Siririn abu ne, wani wuri faɗinsa bai wuce taki ashirin ba, amma cikinsa da duhu da sanyi ko da tsakar bazara. A cikin wannan inuwa ne babban maƙiyin mutanen dā ya ke zaune.

Ƙudan tsando

Tsando ba ya yin ƙwai barkatai kamar ƙudan gida. Macen tana renon tsutsa guda a cikinta, wajen kowane kwana 10 ta haifi ɗaya a ƙasa mai laushi ƙarƙashin inuwa. Tsutsar ta nitse, bayan kimanin wata guda ta fito ƙuda. In ƙasar ta bushe ƙwarai, ko zafi ya kai wajen digiri 40, daga uwar har ɗan ba mai kai labari. Don haka iyakar tsando iyakar inuwa da laima ce. Iri biyu na bakin rafi suna zama cikin kurmi, su ke sa wa mutane ciwon barci a mashaya da maƙetara. Iri na uku yana yawo cikin dajin doka yana shan jinin gadu da ɓauna, shi ya fi kashe shanu da dawaki da sammore.

Akwai kuma wani ɗan mitsitsin baƙin ƙuda wanda ba ya hayayyafa sai inda ruwa ke gudu da ƙarfi bisa duwatsu, gama tsutsarsa tana bukatar ruwa mai kumfa. Cizonsa ke kawo ƙaiƙayi da makanta. Fan nan da ya tsaya a tsakiyar kogi shi ya tanadar masa gida. Ga ruwa, ga fadama mai albarka, amma wanda ya matsa kusa da su ya sayi ciwo.

Wannan ya bayyana abin da ya sa ƙasar Kano mai ƙarancin ruwa ta cika da mutane, wannan kuwa mai yawan ruwa ta zauna daji. Ƙasar tana ƙarƙashin Zazzau, mazaunanta na asali su ne Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, suna zaune cikin ƙananan ƙauyuka suna noman dawa da doya. Shanun da ke iya zama irin wannan wuri shekara cur su ne gajerun nan muturu, masu jimre wa sammore. Fulani ba su shigowa da farare sai da rani, sa'ad da tsando ya takure cikin kurmi, da ruwa ya sauka su kora arewa. Mayaƙa masu dawaki ma haka su ke yi, su fito da rani su koma kafin damina. Bayan jihadi, da sarautar Haɓe ta Zazzau ta koma kudu ta kafa Abuja ta dā a cikin 1828, wadda a ke kira Suleja yanzu, ƙasar da ke tsakani ta sha hare-hare, mutane suka ƙara raguwa. In mutane sun ragu daji ya rufe gonaki, in daji ya rufe tsando ya ƙaru, in tsando ya ƙaru mutane su ƙara gudu.

Zuwan Turawa

Gwamna Lugga ya kafa mulkin Ingila a Arewa a cikin 1900 a Lakwaja. A 1902 aka mai da hedkwata Zungeru, wadda Hausawa ke kira Dungurum. Ita ma a bakin wannan kogi ta ke, amma can gangare, inda zafi da gumi da sauro suka gallabi ma'aikata. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Baro ta kai Kano a 1911, ta ƙetare kogin ta wannan daji. Da Lugga ya komo a 1912 sai ya zaɓi tudun da ke arewacin gadar. Dalilansa a fili su ke: ga iska mai sanyi-sanyi, ga kogin da ba ya ƙafewa sarai, ga jirgi, ga fili wanda ba birnin wani sarki a kai. Soja suka fara tarewa a 1913, ofisoshin gwamnati suka biyo baya a 1917.

Tsoron sauro shi ya tsara fasalin garin. Tun 1897 wani likita mai suna Ross ya tabbatar sauro ke ɗaukar zazzaɓi. Dokar garuruwa ta 1917 ta ce a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don kada sauro ya ƙetara. Sauro bai san doka ba, amma rabon ya zauna, unguwa mai manyan filaye da inuwa a gefe guda, unguwannin cunkoso a ɗaya gefen. Aka sare doka don gini da girki, aka jera maɗaci da mangwaro a bakin tituna. Daga baya darbejiya ta zo, icen ƙasar Hindu wanda aka fara dasawa a Barno a 1928, ta karɓi ƙasar don ba ta tsoron rani. A 1954 aka ciro gadar ƙafa ta ƙarfe da aka gina a Zungeru a 1904, aka kafa ta a lambun bakin kogi wanda mutane suka sani da Gamji.

Yaƙi da inuwa

A shekarun 1930 ciwon barci ya zama annoba a lardunan Arewa, lardin Zazzau yana cikin waɗanda suka fi shan wuya. Wani masanin ƙwari mai suna Nash ya lura ba sai an kashe tsando ɗaya-ɗaya ba, a raba shi da inuwa kawai ya isa. Daga 1937 aka gwada wannan a ƙasar Ancau. Aka sare itatuwan bakin rafuka cikin wani yanki mai tsawon kimanin mil 70, rana da iskar hunturu suka shiga, ƙudan ya ƙare. Aka gina rijiyoyin siminti don mutane su daina zuwa rafi, aka kafa sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Kowace shekara dagatai da masu unguwa su kan fitad da jama'a sharar rafi don kada kurmin ya komo.

A 1947 aka yanke shawarar kafa ma'aikatar binciken ciwon barci da sammore ta Afirka ta Yamma, aka gina ta a Kaduna wajen Unguwar Rimi, da reshe a Vom. A 1964 ta zama ta Nijeriya kaɗai. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka shiga feshin magani, shi ma da sanin halin ƙudan aka yi shi. An san da tsananin bazara ba ya iya zama ko'ina sai gindin itatuwa masu inuwa, sai aka riƙa fesa nan kaɗai. Amma abin da ya fi magani korar tsando shi ne gatari da garma. Ƙidayar 1963 ta sami mutum kimanin 150,000 a Kaduna, yanzu kuwa sun haura miliyan ɗaya. Kowane gida yana bukatar itacen girki da gona da fegi. Namun dajin da tsando ke sha suka ƙare a kewayen gari, wanda ke son ganin ragowar irin wannan daji sai ya nufi Kamuku ta ƙasar Birnin Gwari, wadda En'e ta keɓe a 1936, aka mai da ita gandun Tarayya a 1999.

Don a sami madadin doka aka keɓe gandun Afaka wajen Mando a 1954, aka gwada itatuwan waje. Wanda ya fi karɓuwa shi ne turare na ƙasar Ostareliya, mai saurin girma, mai jimre wa rani. Sai dai yana shan ruwa da yawa, ganyensa ba ya ruɓewa da wuri, dabba ba ta cinsa. Shi kansa gandun gine-gine da gonaki da masu gawayi sun ci sashe babba nasa.

Fari da ambaliya

Magamar iskokin nan biyu ba kullum ta ke cika alkawari ba. A shekarar da ta gaza hawa arewa sosai, sai fari. Haka ya faru a 1913, yunwar da ta biyo baya Kanawa suka sa mata suna Kakalaba. Haka kuma daga 1972 zuwa 1974, da 1983 zuwa 1984. Kowane karo makiyaya da talakawan arewa sun gangaro kudu neman ciyawa da abinci. A dā tsando ya kan mai da shanu gida da damina, amma a karon baya sun tarar ya ja da baya, sai da yawa suka zauna. A lokacin nan kuma masara ta bazu a jar ƙasa da taimakon takin zamani, noman rani ya kama fadamun da a dā shanu ke kiwo. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya tun 1965, amma filayen da aka keɓe ba su isa ba. Rigimar manoma da makiyaya tana da dalilai da yawa, ɗaya daga cikin saiwoyinta kuwa shi ne wannan: ƙudan da ya raba su lokaci da wuri ya tafi, ba a sami abin da ya maye gurbinsa ba.

Ruwa in ya yi yawa shi ma da tasa shari'ar. Ƙasar daji mai ganye da ramukan gara tana shanye ruwa ta sake shi a hankali. Kwanon rufi da kwalta da siminti ba su shan ko ɗigo, duk abin da ya zuba sai ya ruga kogi lokaci guda. Fadama kuwa ɗakin saukar kogi ce, nan ya ke shimfiɗa ƙafa in ya cika. Da fegi ya yi tsada a tudu, mutane suka gangara suka yi gini a cikinta. A 2003, da kuma 2012, kogin ya zo neman wurinsa, ya shiga gidaje a unguwannin gaɓa irin su Kabala da gangaren Unguwar Rimi, dubban mutane suka kwana a waje. Waɗansu sun ce kogin ya yi ta'adi, tsofaffin masunta kuwa sun san bai wuce inda ya saba kaiwa ba.

Yau da wuya mutum ya ga kada a gaɓar da ke cikin gari, yaro kuma zai iya girma a Doka bai taɓa ganin doka ba. Amma wata biyar na rani suna nan, marmara tana nan ƙarƙashin jar ƙasa, kogin yana cika kowane Satumba. Abin da mutanen dā suka koya da wuya yana da amfani har gobe. Mai ƙona daji, in ba makawa, gara ya ƙona da farkon kaka sa'ad da ciyawa ke da sauran laima, don wutar bazara ita ke kashe ƙananan itatuwa. Manomin da ya bar kaɗanya da ɗorawa cikin gonarsa ya tsare ƙasarsa daga zaizaya, ya kuma sami man kaɗe da kalwa. Kututturen doka in an bar shi zai tofo ba tare da an ba shi ruwa ba. Mai neman fegi kuwa, kafin ya biya kuɗi, ya duba launin ƙasar. In ja ce ya yi gininsa, in baƙa ce mai danƙo ya tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya tsaya a 2012.